Layin Toka

Ni nake zana layin.
Tun kafin mai koko ta sauke tukunya a Aboabo
ina filin makaranta da bokitin toka
da igiyar da ƙullinta ya fi tsawonta yawa,
ina ja, ina duƙawa, ina yayyafawa,
har fili ya san inda ya fara, ya san inda ya tsaya.
Sidi ashirin ne ladana. Wani sa'in a ce in dawo Litinin.

Asabar ɗin nan wasan ƙarshe ne,
yaranmu na Asawase da baƙi daga Bantama.
Bawa Issaka ya shigo da usur a wuya,
gwiwar hagu naɗe da bandeji,
shekara goma sha bakwai yana raba 'ya'yan mutane faɗa.
Can ƙarƙashin rumfa Madam Serwaa ta ofishin wasanni
ta ɗora fayil a cinya, hatimi a jaka,
kofi a gefenta, ko ledarsa ba a cire ba.

Minti saba'in, ɗaya da ɗaya.
Wani dogon yaro, Fuseini, ya tashi sama,
ya sa kai, raga ta girgiza.
Bawa ya nuna tsakiya. An ci.
Sai ga Madam ta taso, tsinin takalminta na nutsewa a ƙasa,
ta tsallake layina kamar an zubar da gari.

"Yaron nan ba ya cikin takarda.
Sunansa ya iso bayan an rufe rajista."

Bawa ya saki usur daga baki.
"Madam, takarda ta ƙare a bakin toka.
Da magana, da kin yi ta kafin in hura.
Nan ciki ko yayana ya shigo, kati zai gani."

"Wa ya aiko maka da wasiƙar gayyata?
Wa zai sa hannu a kuɗin motarka?
Usur ɗin ma ofis ne ya saya."

"Ofis ya sayi usur. Bai sayi numfashina ba."

Aka yi cirko-cirko.
Hedimasta biyu, kowa da wayarsa a kunne,
wani na cewa a kira Accra,
mai lemo ta daina ɓare lemo.
Fuseini yana tsaye cikin takalmin aro
yana murza gefen rigarsa.
Ni na san zancen: mai hoto a Kejetia ne ya ɓatar da hotonsa,
uwarsa ta yi sawu uku.
Ba wanda ya tambaye shi. Ni ma ba a tambaye ni ba.

Hadarin Kumasi ba ya sallama.
Ɗigo biyu, uku, sai aka ɓalle bakin sama.
Madam ta rungume fayil kamar jariri,
Bawa ya hura, usur ya sha ruwa,
ya yi kukan ɗan tsako.
Rumfa ɗaya ta haɗa su, kafaɗa da kafaɗa,
kowa na kallon wani gefe.

Ni kuwa ina kallon aikina yana tafiya:
kusurwa ta narke, da'irar tsakiya ta bi kwata,
babu ciki, babu waje.

Yaran ba su fake ba.
Wani ya taɓa ƙwallo, wani ya bi,
laka ta mai da riguna launi ɗaya.
Na ga ƙwallo ta bugi hannun Fuseini,
ba usur, ba ido a kansa,
ya tsaya, ya ɗauka, ya miƙa wa ɗan Bantama.

Ran Laraba wasiƙa ta fito, da hatimi:
a sake wasa.
Ba ta ce wa ke da gaskiya ba.

Na koma gidan burodi roƙon toka.
Sidi ashirin ɗina kuwa shiru.
Bawa ya ce wannan maganar ofis ce.
Madam ta duba fayil, ta dube ni,
ta ce ita ba ta ga wani layi ba.